UWARGIDA, KI YI HATTARA DA "SHA KA FASHE"

Ana sayar da ƙwayoyi biyu a haɗe wai don a yi ƙiba: Dexamethasone da Cyproheptadine. Kada ki sha, kada ki ba yaronki.

Cyproheptadine maganin ƙaiƙayi da borin jini ne. Yana sa barci da yawan ci, yana iya rage ruwan nono. Ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba.

Dexamethasone kuwa karya garkuwar jiki yake yi. Kumatun da kika ga sun cika, kumburi ne. Yana kawo hawan jini da ciwon suga, yana tsayar da girman yaro. In ƙyanda ko ƙarambau ta kama yaron da ke shansa, takan yi tsanani ƙwarai.

Ga mugun abin: ɗaya ya ɓoye zazzaɓi, ɗaya ya sa barci. Sai ki ce yaro hutawa yake yi, alhali ciwo na cinsa.

In an wuce mako 3 ana sha, kada a daina farat ɗaya, akwai haɗari. Ki zo da kwalin maganin asibitin Basirka, ko Gwaram, ko Birnin Kudu, likita ya rage shi sannu a hankali.

Ma'aikatar Lafiya, Jihar Jigawa