Sassaƙe Hanyar Iskar Inji: Kafin Bakanike Ya Ɗora Magagari

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu babura da Keke Napep a Bauchi, daga Wunti har Yelwa, buƙatarsu ɗaya ce: inji ya ja da ƙarfi, ya kuma rage shan mai. Wannan ne ya sa ake yawan maganar wata dabara da matasa ke gani a waya, wato sassaƙe ramukan da iska ke bi a kan inji, sashen da makanikai ke kira tof silinda. Dabarar gaskiya ce, amma ba kamar yadda ake yayata ta ba.

Inji numfashi yake yi. Kafin ya ƙone kilo ɗaya na fetur sarai, sai ya shaƙi iska kusan kilo 14.7. Ke nan ba mai ne ke ƙayyade ƙarfinsa ba, iskar da ta samu shiga ce. Bauchi kuwa tana kan tudu, kimanin mita 600 sama da teku, don haka iskarta ba ta kai ta Legas kauri ba, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu mai toshe matatar iska. Ramin da ya taso daga kafireto zuwa bawul zubin ƙarfe ne, yakan fito daga masana'anta da kaushi da 'yan tudu da gaɓar da ba ta haɗu daidai ba. Waɗannan ake gyarawa.

A nan mutane da yawa ke ɓata. Suna zaton faɗaɗa rami shi ne aikin. Wanda ya taɓa ban ruwa da tiyo ya san in ya matse bakinsa ruwa ya fi gudu. Haka iska take. In rami ya yi faɗi fiye da kima, gudunta ya ragu, mai ya ƙi gauraya da ita sosai, sai babur ya yi sanyi wajen tashi, daidai inda mai ɗaukar kaya ko fasinja ke neman ƙarfi. Ribar tana can kusa da bawul, a kwanar da iska ke lanƙwasawa da kuma mazaunin bawul, wanda ƙwararru ke yankewa kusurwa uku: digiri 30 da 45 da 60. Ramin shiga ma ba a goge shi ya yi ƙyalli, ana barin ɗan kaushi don kada ɗigon mai ya kwanta a bango. Na fita zuwa salansa shi ake sulɓewa, don baƙin hayaƙi ya rasa maƙale.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana buƙatar ƙaramar garanda mai dogon baki, ta lantarki ko ta iska, wadda ake iya rage mata gudu, domin wasu na juyawa fiye da sau 20,000 a minti, kuma kuskuren daƙiƙa ɗaya ya isa ya huda bango. Bakin yanka iri biyu ne: mai manyan haƙora na alminiyam, wanda kan yawancin babura ke da shi, da mai ƙananan haƙora na baƙin ƙarfe. Sai naɗin samfefa, magagari siriri, ma'aunin faɗi, fitila, da sabon gaskit da za a zana iyakar yanka da shi. Tabarau da takunkumi wajibi ne. Ɓurɓushin ƙarfe a ido ba ƙaramar masifa ba ce. Bayan an gama, a wanke kan injin tas, domin tsakin da ya saura zai cinye ringi da fistin.

Abin da ya fi damuna shi ne awo. Harry Weslake na Ingila, wanda ya yi suna a wannan fanni, auna iskar da ke ratsa rami ya sa a gaba, ba kallon ido ba. Za a iya haɗa ma'auni mai sauƙi da injin zuƙar ƙura da tiyo mai ruwa a ciki, a gwada kafin yanka da bayansa. Bauchi, garin da aka kafa masana'antar Steyr ta harhaɗa taraktoci da manyan motoci a shekarun 1970, garin da ke da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji, bai kamata makanikansa su riƙa sassaƙa da ka ba. Sassan injiniya na waɗannan makarantu su buɗe ƙofa ga 'yan gareji.

Ga mai babur ɗin neman abinci, shawarata ita ce ya fara da wanke matatar iska, da gurza bawul, da saita kafireto. Galibi a nan ƙarfin ya ɓuya. Mai sha'awar koyo kuma ya nemi mataccen kan inji wurin 'yan gwangwan ya gwada hannunsa a kai tukuna, domin ƙarfen da aka sassaƙe ba ya komawa.