Cizon Kare a Cikin Gida ko Gona: Wa Ke da Alhaki?

A ƙasar Ƙaraye da Rogo, waɗanda dokar 2024 ta bar su tare a masarauta guda, kare ba baƙon abu ba ne. Makiyayi yana da shi a ruga, maharbi yana da nasa, mai lambu a bakin madatsar Challawa kuwa yakan ɗaure ɗaya saboda ɓarayi. Don haka kukan cizo yakan zo gaban dagaci ko hakimi, maigida kuwa maganarsa ɗaya ce: ai a cikin gidana aka cije shi. Wannan hujja ba ta da ƙarfin da mutane ke zato.

Bisa mazhabar Malikiyya, abin da za a fara tambaya shi ne dalilin ajiye karen. Risala ta yarda da karen gona, da na kiwo, da na farautar neman abinci, amma ba ta yarda a ajiye shi haka kawai a gidan zama ba. Wanda ya ajiye kare inda aka yarda, ba a ɗora masa ramuwa sai an riga an yi masa gargaɗi cewa karensa yana cizo, ya yi biris. Wanda ya ajiye shi inda ba a yarda ba, alhali ya san halinsa, ramuwa tana kansa ko ba gargaɗi. Muhtasar ya haɗa kare mai cizo da rijiyar da mutum ya haƙa don cuta, ko da a cikin gidansa ce. In wani mutum takamaimai aka nufa, ya kuwa mutu, magana ta zama ta ƙisasi. In ba haka ba, diyya. Malamai ba su sauke diyyar ba ko da ɓarawo aka yi wa tarkon, abin da yakan ba masu gida mamaki ƙwarai.

Dokar da aka gada daga Ingila ita ma sani take bi. A wata shari'a da aka yi a Legas a 1965, kare ya taɓa cizon 'yar aikin gida, aka gaya wa uwargida. Da ya sake cizon wani, kotu ta ce sanin mata sanin miji ne, ta kama maigida da biya. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta kuma sa sakaci da dabba mai haɗari cikin laifuffuka.

To, ga inda aikin malamin hakimi yake da nauyi. Tun da shari'ar duka kan gargaɗi da sani take juyawa, lalle duk ran da aka kawo kukan wani kare, ko bai fasa fata ba, a rubuta ranar, da sunan mai shi, da shaidu biyu da aka yi gargaɗin a gabansu. Layi uku a littafi sun fi rantsuwar mutum goma bayan shekara. In cizo ya auku, a rubuta yadda mutumin ya shiga: ya yi sallama aka ce ya shigo, ko katanga ya haura? Yarinya mai talla, da almajiri, da maƙwabciya mai neman wuta, duk al'ada ta ba su izni, bai kamata a lissafa su da masu kutse ba. Hakimi yana iya sulhu kan kuɗin magani, amma yanke diyya aikin alƙali ne.

Kafin a shiga gardama, a wanke raunin da ruwa da sabulu har minti 15, sa'an nan a kai mutumin asibiti a ranar don allurar haukan kare, gama cutar in ta bayyana kusan ba mai tashi. Karen da ke da lafiya kada a kashe shi cikin fushi. A tsare shi kwana 10, likitan dabbobi ya duba. In ya mutu ko an kashe shi, a bar wa likitan kansa, shi zai aika da shi gwaji a Vom. Kuɗin ciyar da shi a kwanakin tsaron a nemi mai shi ya ɗauka, a kuma rubuta wanda aka danƙa wa amanarsa.