Labarin ƙasa: Karatun da ba ya ƙarewa a cikin aji

Ɗalibai da dama kan shiga sashen nazarin labarin ƙasa da zaton cewa haddar sunayen koguna da manyan birane ce kawai ke jiransu.

Sai dai a jami'o'i irin su Ahmadu Bello da ke Zariya da Bayero da ke Kano, digirin na shekaru 4 ya ƙunshi lissafin ƙididdiga, da zanen taswira, da nazarin yanayi, da kuma sarrafa hotunan tauraron ɗan'adam a kwamfuta.

Baya ga lacca, wajibi ne ɗalibi ya fita aikin fili, inda zai auna zaizayar ƙasa ko ya tattara bayanai daga manoma, sannan ya rubuta rahoton da za a ba shi maki a kai.

Galibi kuɗin mota da na buga rahoton daga aljihunsa suke fitowa, abin da ke takura wa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi.

A shekarar ƙarshe kuma akwai kundin bincike. Wanda bincikensa ya dogara da damina, idan yajin aiki ya gifta, kamar na watanni 8 da ƙungiyar ASUU ta yi a 2022, mai yiwuwa sai ya jira ruwan baɗi.