Hayar rukunin kwamfutoci masu ƙarfi ta intanet

Hayar rukunin kwamfutoci masu ƙarfi ta intanet wani tsari ne da jami'o'i da kamfanoni ke karɓar aron ɗaruruwa ko dubban kwamfutoci daga cibiyoyin adana bayanai na manyan kamfanoni, su haɗa su wuri guda domin yin lissafi mai nauyi, sannan su biya kuɗin lokacin da suka yi amfani da su kawai. Ana kiran irin wannan hidima da sunan girgije, saboda mai haya ba ya ganin na'urorin, ta intanet yake isa gare su. Manyan masu bayar da ita su ne Amazon Web Services da Microsoft Azure da Google Cloud.

Tarihi

A shekarar 1994 Thomas Sterling da Donald Becker suka haɗa kwamfutoci na yau da kullum a hukumar NASA ta Amurka suka zama rukuni guda mai suna Beowulf. Daga nan cibiyoyin bincike da dama suka riƙa gina nasu. A 2006 Amazon ya fara bayar da hayar kwamfutoci da awa, a 2010 kuma ya fito da nau'in da aka tsara musamman domin aikin rukuni. A 2011 kamfanin Cycle Computing ya haɗa wa wani kamfanin magunguna rukuni mai ƙwayoyin lissafi 30,000 a kan dala 1,279 a kowace awa. Microsoft ya sayi Cycle Computing a 2017. A 2019 masu binciken IceCube, wato cibiyar nazarin ƙwayoyin nutirino da ke Antatika, sun yi amfani da katunan lissafi na GPU sama da 50,000 a lokaci guda, waɗanda suka yi haya daga kamfanonin uku.

Yadda ake yi

Mai haya yana zaɓar yawan kwamfutocin da yake so da ƙarfinsu. Ɗaya daga ciki takan zama shugaba, tana karɓar ayyuka tana rarraba wa sauran ta hanyar manhajar jera aiki irin su Slurm. Idan ayyuka suka yi yawa a layi, sai a ƙara kwamfutoci; idan suka ƙare, a kashe su, kuɗin haya ya tsaya.

Ayyukan iri biyu ne. Akwai waɗanda kowace kwamfuta ke yin nata ba tare da jiran wata ba, kamar gwajin dubban sinadarai domin neman magani. Akwai kuma waɗanda kwamfutocin ke musayar sakamako a kowane mataki, kamar hasashen yanayi. Nau'i na biyu yana buƙatar layin sadarwa mai sauri ƙwarai, irin InfiniBand, in ba haka ba kwamfutocin za su ɓata lokaci suna jiran juna.

Farashi

Babban amfanin haya shi ne mai bincike ba ya buƙatar kuɗin sayen na'urori, ko ginin da za a ajiye su, ko wutar lantarki da na'urorin sanyaya su. Kamfanonin kan kuma sayar da lokacin kwamfutocin da ba kowa a kansu da rahusa mai yawa, amma suna iya karɓe su a tsakiyar aiki. Amazon yana ba da gargaɗin minti biyu kafin hakan.

Matsaloli

Haya ta fi dacewa da aikin da ke zuwa lokaci zuwa lokaci. Cibiyar da rukuninta ke aiki dare da rana tsawon shekara takan fi samun sauƙi idan ta mallaki nata. Kamfanonin suna karɓar kuɗi idan za a fitar da bayanai daga cibiyoyinsu, kuma kwamfutar da aka manta ba a kashe ba tana ci gaba da cin kuɗi. Dokokin wasu ƙasashe kuma sun taƙaita fitar da bayanan marasa lafiya ko na gwamnati zuwa ƙetare.