Adana Wake Bayan Girbi a Lamorde

Manomin Lamorde, a hayin kogin Kwara daura da tsakiyar birnin Yamai, idan Allah ya nufe shi da girbin wake a watan Oktoba, haƙiƙa sauran aiki na gabansa, domin ƙwaron wake tun a gona yake saka ƙwai a jikin kwanso, ya biyo amfanin har rumbu, ta yadda kafin bazara sai a tarar da ƙwaya duk huji. Magabata sun yi hikimar shanya waken a rana har ya bushe ƙayau, sa'an nan su cuɗa shi da toka ko yashi a tukunya, su liƙe baki.

Asirin al'amarin dai hana ƙwaro iska ne. Bisa wannan ƙa'ida Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da masanan cibiyar binciken aikin gona ta INRAN da ke Maraɗi, suka yaɗa buhun PICS tun 2007: leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a matse iskarsa a ɗaure shi daban. A ganina ya fi maganin ƙwari mai guba nesa, wanda ke cutar da iyali, muddin leda ba ta huje ba, kuma aka tsare buhun daga ɓera.