Baƙo da Doka: Tsaurara Shige da Fice da Yadda Ya Shafi Ƙasar Kura

1.0 Gabatarwa

Ran 17 ga watan Janairu, 1983, Ministan Harkokin Cikin Gida na Nijeriya, Alhaji Ali Baba, ya ba da sanarwa cewa duk baƙon da ke zaune a ƙasar nan ba da izini ba, an ba shi mako biyu ya tattara ya-nasa-ya-nasa ya fita. Kafin ƙura ta lafa, an ƙiyasta mutum wajen miliyan biyu sun bar ƙasar, kusan rabinsu mutanen Gana ne. Galibin abin da aka rubuta game da wannan kora ya tsaya ne a kan Ikko da tashar jiragen ruwa ta Apapa da kan iyakar Seme, alhali kuwa dokar ta hau kan kowane lungu na ƙasa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana asalin dokokin shige da fice, da dalilan da suka sa aka tsaurara su, da kuma inda suke cin karo da rayuwar wuri irin Kura da Bunkure, inda noman rani ke jawo baƙi kowace shekara.

2.0 Baƙo a Wurin Bahaushe

Bahaushe ya san baƙo tun kafin ya san fasfo. Ya girmama shi har ya ce baƙonka Annabinka, sa'an nan kuma ya tuna masa matsayinsa da cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, watau zamansa na ɗan lokaci ne. Rashin takarda a zamanin da bai sa an bar baƙo sakaka ba. Manyan garuruwa suna da ganuwa da ƙofofi, kowace ƙofa da sarkinta, da almuru kuwa akan rufe. Fatake sukan sauka a zango. Baƙon da ya zo ciniki yana da maigida, ko fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan magana ta tashi. Wanda ya zo da niyyar zama, maigidansa zai kai shi gaban mai unguwa, mai unguwa ya kai shi gaban dagaci, a san daga inda ya fito da abin da ke tafe da shi, kana a ba shi fili ko gona.

Ko kalmar "baƙin haure" da ake amfani da ita yau daga wannan tsari ta samo tushe. Haure shi ne wurin da ganuwa ta zube har mutum yake iya ƙetarewa. Saboda haka baƙon haure shi ne wanda ya bar ƙofa ya bi ta inda ba mai tambayarsa.

Kura kuwa ta daɗe da sabawa da mutanen arewa. Tun ƙarni na 19 garin ya yi suna wajen rini da bugu, musamman turkuɗin nan mai sheƙi da ake kira ɗan Kura, wanda Buzaye ke naɗawa a ka. Ayari kan ɗauke shi har Agadas da abin da ke bayanta. Ashe ke nan hulɗar Kura da ƙasar da yanzu ake kira Jamhuriyar Nijar ta girmi iyakar da ke tsakaninsu.

3.0 Zuwan Iyaka da Takarda

Iyakar Nijeriya da Nijar, mai tsawon kilomita wajen 1,500, Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1890 da 1898 da 1904 da 1906. Layin ya ratsa tsakiyar ƙasar Hausa, ya raba Katsina da Maraɗi, ya raba Sabon Birni da Tsibiri, ya bar dangi ɗaya a hannun hukuma biyu. A zamanin Turawa 'yan sanda ne ke kula da shige da fice, sai a 1958 aka ware sashe na musamman domin wannan aiki. A 1963 aka kafa dokar shige da fice, wadda ta wajabta wa baƙo samun izinin shigowa da na zama da na aiki, ta kuma ba Minista ikon korar wanda ya saɓa.

Ran 28 ga watan Mayu, 1975, aka kafa Ƙungiyar Tattalin Arzikin Ƙasashen Afirka ta Yamma, watau ECOWAS, a Ikko. A 1979 shugabanninta suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirga, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana riƙe da takardar tafiya da katin allurar rigakafi. A nan gizo ke saƙarsa. Ɗan ci-rani yakan baro gida ne bayan kaka, ba ya komawa sai an fara jin ƙamshin damina, watau wata biyar ko shida. Abin da ya kawo shi kuma ƙodago ne, yarjejeniyar kuwa ba ta ba shi izinin aiki ba. Ga shi kuma ya shigo a ƙafa ko a kan jaki ta hanyar da kakanninsa suka saba bi, ba ta Kongolam ko Maigatari ko Jibiya ba, inda ma'aikata ke buga hatimi. Ta kowace fuska dai ya saɓa doka, shi kuwa bai ma san da ita ba.

4.0 Dalilan Tsaurarawa

Dalili na farko shi ne tsaro. A watan Disamba na 1980 rikicin Maitatsine ya ɓarke a unguwar 'Yan Awaki cikin birnin Kano, inda ƙididdigar hukuma ta nuna an rasa rayuka 4,177. Madugun rikicin, Muhammadu Marwa, mutumin Kamaru ne, an kuma taɓa korarsa daga Kano a 1962 ya sake dawowa. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Anthony Aniagolu ya duba al'amarin, ya kuma taɓo sakacin da ake yi a kan iyaka, ko da yake mafi yawan waɗanda aka kama 'yan Nijeriya ne. Da rikicin ya sake tashi a Bulunkutu ta Maiduguri da Rigasa ta Kaduna a watan Oktoba na 1982, sai zargin baƙi ya ƙara ƙarfi.

Dalili na biyu shi ne tattalin arziki. A shekarun da man fetur ke da daraja, ƙasar nan ta buƙaci magina da malaman makaranta da masu gadi da leburori, ba wanda ya tsananta tambayar takardunsu. Fari da yunwar 1973 zuwa 1974 kuma sun koro Buzaye da sauran mutanen Sahel da yawa zuwa Kano. Da kuɗin mai ya faɗi daga 1981, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a watan Afrilu na 1982, masana'antu suka shiga sallamar ma'aikata, baƙon da aka yi maraba da shi jiya ya koma mai cin rabon ɗan gida.

Na uku shi ne siyasa, domin kuwa zaɓe na tafe a watan Agusta na 1983. Wasu kuma sun ɗauki korar a matsayin ramuwar gayya, saboda a watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, aka kuwa koro Yarabawa da Hausawan zango masu ɗimbin yawa, wasunsu ma a can aka haife su.

Bayan sanarwar 1983 an ɗan sassauta, aka ƙara wa masu ƙwarewa a sana'a wa'adi zuwa ƙarshen watan Fabrairu. Amma magana ba ta ƙare a nan ba. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa lokacin canjin kuɗi, a 1985 kuma aka sake ba baƙi kimanin 700,000 wa'adin fita zuwa 10 ga watan Mayu. Rufewar ta zo daidai da wani mummunan fari a Nijar, hatsi ya kasa haurawa, ɗan ci-rani ya kasa gangarowa, har mutanen can suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Ba a buɗe iyakar ba sai a watan Maris na 1986, zamanin Janar Ibrahim Babangida.

5.0 Doka a Bakin Gona

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, bisa shirin da gwamnatin Audu Bako ta fara, aka jawo ruwa ta babbar magudana zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta. Kashi na farko na shirin an tsara shi ne a kan kadada 22,000. Ƙasar da a da takan kwanta da rani sai ta koma fitar da alkama da tumatur da albasa da masara, da damina kuma shinkafa.

Irin wannan noma ba ya yiwuwa da hannun iyali kaɗai. Akwai dashe da ban-ruwa da ciran ciyawa, ga tsinkar tumatur da ba ta jira, domin idan ya nuna aka bar shi kwana kaɗan ya lalace. Ga kuma yankan alkama da bugunta kafin zafin bazara. Duk wannan aiki yana faɗowa ne a watannin da manomin tudu na arewacin Kano da Daura da Damagaram da Maraɗi ba shi da aikin yi a gida. Sanarwar 1983 ta fito a tsakiyar Janairu, lokacin da alkama ke bisa ruwa, tumatur ke shirin nuna. A irin wannan wuri, aiwatar da dokar yana fuskantar matsaloli uku.

Ta farko ita ce gane baƙon. A Ikko harshe da suna sukan tona mutumin Gana. A Kura kuwa Bamaraɗe da Bakatsine harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, shigarsu ɗaya, sau da yawa ma tsagar fuskarsu ɗaya. Sai dai idan an ji mutum ya kira makarantar boko lakwal, ya kira malaminta mushe, a yi zaton daga ƙasar Faransa ya fito, wannan kuwa ba hujja ce da za a kai gaban alƙali ba.

Ta biyu ita ce ɗan ƙasar shi ma ba shi da takarda. A wancan zamani ba a fara ba da katin ɗan ƙasa ba, takardar haihuwa kuwa ba kasafai ake samunta a ƙauye ba. Abin da talaka ya saba nunawa shi ne takardar haraji, ita kuwa gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano tun 1979. Inda ba a iya rarrabe ɗan gida da bare da takarda, sai zato ya shiga, zato kuwa yana iya hawa kan kowa. Misalin Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman ya isa shaida. Shi ne shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, amma a watan Janairu na 1980 aka ɗauke shi aka kai shi Cadi bisa zargin cewa ba ɗan Nijeriya ba ne, sai da babbar kotun Maiduguri ta tabbatar masa da 'yancinsa. Idan haka ta faru ga mai muƙami da lauyoyi, ina ga lebura mai tsinkar tumatur?

Ta uku ita ce buƙatar manomi. Mai gona da ya saba da ɗan ƙodagonsa, yana saukar da shi a zaurensa shekara da shekaru, wataƙila har an yi auratayya, ba zai miƙa shi ga hukuma ba ga amfanin gona na jiran hannu. Baƙon kuma da ke tsoron kamu ba zai iya kai ƙara ba idan an danne masa ladansa. Ta haka tsanani yakan rage wa baƙo kariya ba tare da ya rage yawan baƙi ba.

6.0 Daga 1986 Zuwa Yanzu

A 1986 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a Abuja kan mataki na biyu na yarjejeniyar, wanda ya ba 'yan ƙungiyar 'yancin zama da neman aiki, da sharaɗin su yanki katin zama. A 2015 aka kafa sabuwar dokar shige da fice a madadin ta 1963. Daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020 aka sake rufe iyakoki domin hana fasa-ƙwaurin shinkafa, abin da ya ɗaga kasuwar manoma da masu injin casa na Kura, ya kuma gurgunta fatake da masu ci-rani. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli, 2023, an rufe iyakar ƙasashen biyu, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris na 2024. Ran 29 ga watan Janairu, 2025, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, ko da yake ƙungiyar ta ba da sanarwa a lokacin cewa za a ci gaba da barin mutanensu su yi zirga-zirga har sai an sake shawara. A watan Mayu na 2025 kuma Nijeriya ta fara ba da biza ta intanet, tsarin da ya fi dacewa da mai sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano bisa ga mai tahowa da gafaka da ƙoshiya.

7.0 Kammalawa

Babu ƙasar da za ta zauna lafiya ba ta san wanda ke shigowa cikinta ba, kuma abin da ya faru a Kano a 1980 ya nuna haka. Amma korar 1983 ba ta hana a sake yin wata a 1985 ba, ba ta kuma hana rikicin Jimeta na 1984 da na Gombe na 1985 ba. Dokokin da ake da su an gina su ne a kan matafiyi mai fasfo, alhali baƙon Kura ɗan ci-rani ne da ke zuwa da hunturu ya koma da damina. Abin da ya fi dacewa da shi shi ne takardar izini ta wata shida mai sauƙin kuɗi, wadda za a yanka a kan iyaka, maigidansa ya tsaya masa, mai unguwa da dagaci su rubuta sunansa, kamar dai yadda aka gada. Ta haka hukuma za ta san adadin baƙinta da masaukinsu, manomi ya sami hannun da zai kwashe amfaninsa, baƙo kuma ya sami hujjar neman haƙƙinsa idan an cuce shi.