Gurmi: Abin da ya kamata ka duba kafin ka saya, da yadda za ka riƙe shi ya daɗe

Duk ranar Lahadi, kasuwar Mirriya, mai nisan kilomita kusan 18 gabas da birnin Zinder, takan cika da tukwanen da suka yi wa garin suna, da ƙorai, da fatu, da itace. In aka ɗauke tukwanen, sauran ukun su ne jikin gurmi: rabin ƙwarya, fatar da aka rufe bakinta da ita, da sandar da ta ratsa ciki. Sai tsirkiya biyu, wani lokaci uku.

Sauƙin kayan haɗin shi ke yaudarar matasa da 'yan ci-rani da ke son komawa da wani abu na gida. Da yawa sukan sayi gurmin ado, wanda aka yi don ratayewa a bango, sai sun isa Yamai ko Faransa su gane ba ya fitar da sauti.

Ka san abin da kake nema

Kayan kiɗa masu tsirkiya a ƙasar Hausa ba iri ɗaya ba ne. Gurmi jikinsa ƙwarya ce, da yatsu ake kaɗa shi, an kuma san shi a filin kokawa da wuraren biki. Marigayi Haruna Uji na Haɗeja da shi ya shahara. Garaya ta mafarauta ce da 'yan bori. Molo jikinsa ice ne da aka fafe, yawanci da tsirkiya uku. Kuntigi tsirkiyarsa ɗaya, jikinsa gwangwanin kifi, shi ne abin kiɗan Ɗanmaraya Jos wanda ya rasu a 2015. Goge kuwa gogawa ake yi da izgar doki.

Wanda ke zaune a Turai zai iya cin karo da mandolin, ɗan ƙaramin abin kiɗan da ya bunƙasa a birnin Napoli na Italiya a ƙarni na 18. Tsirkiyarsa takwas ce ta ƙarfe, bibbiyu, kuma wuyansa na da layukan ƙarfe da ke nuna wa yatsa inda zai sauka. Gurmi ba shi da waɗannan layuka. Kunnenka ne kawai zai gaya maka ko ka dace.

Wajen saye

Hausawa sun ce sayen na gari mayar da kuɗi gida. Ka fara da tambayar makaɗa wa ke haɗa musu nasu, domin mai haɗa wa makaɗi ya san za a dawo masa da shi in ya yi aikin banza.

Ɗaga ƙwaryar ka duba ta a haske. Tsaga ko da siririya ce za ta buɗe da hunturu. Ƙananan huji masu zubar da gari alama ce ƙwaro ya riga ya shiga. Ƙwanƙwasa ta da farce: busasshiyar ƙwarya mai kauri tana amsawa da ƙarfi.

Sai fata. Ta damo ko ta guza ce aka fi so saboda ƙarfinta duk da rashin kauri, amma ana yi da ta akuya. Danna tsakiyarta da babban yatsa. In ta lotsa ta ƙi dawowa, ɗaurin bai yi ba. Ka duba gefen da aka kafe ta, kada ya kasance ya fara yagewa.

Sandar ta zama miƙaƙƙiya, ba ta motsi a inda ta shiga ƙwarya. Ɗaurin fatar da ke riƙe tsirkiya a jikin sanda shi ne wurin saita murya: a tura shi sama sauti ya ƙaru, a sassauto shi ya sauka. In yana zamewa da kansa, kullum cikin gyara za ka kasance. Tsirkiya a da izgar doki ce ake murɗawa, yanzu galibi zaren roba na kamun kifi ne, wanda ya fi arha da juriya.

Kada ka biya sai an kaɗa maka shi. In mai sayarwa bai iya ba, ka je da wanda ya iya.

Wajen koyo

Tsirkiya biyu ba ta nufin sauƙi. Yawanci ɗaya ce ke ɗaukar waƙa, ɗayar tana riƙe amo a ƙasa, kuma hannun dama ne ke da aikin rausaya kiɗan. Ka saita gurmin daidai da muryarka, kada ka matsa wa maƙogwaronka ya bi shi. Rabin sa'a kullum ya fi wuni guda a mako. Bidiyon YouTube zai taimaka wa na nesa, amma bai kai zama kusa da makaɗi kana kallon yatsunsa ba.

Wajen adanawa

Damo sarkin haƙuri ne, amma fatarsa ba ta haƙuri da yanayi. Da damina takan sha laima ta saki, sauti ya dushe. A ɗan shanya gurmin a hantsi ko a kara shi nesa da garwashi na ɗan lokaci, ana taɓawa da hannu. Da hunturu da bazara kuwa fatar kan ɗaure har ta fashe, don haka a sassauta tsirkiya bayan an gama kiɗa, kada kuma a bar shi cikin mota a rana. A rataye shi, kada a ajiye a ƙasa inda gara da ɓera za su kai gare shi. A ƙasashen sanyi, na'urar ɗumama ɗaki tana busar da ƙwarya kamar hunturu. A nisanta shi da ita.

Akwai kuma batun doka. Damo da guza suna cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta 1973 ta sa wa ido, saboda haka jami'an kwastan a Turai ko Amurka na iya ƙwace gurmi mai irin wannan fata in babu takardar izini. Mai shirin tafiya gara ya sa a yi masa da jemammiyar fatar akuya, wadda ba ta wuyar samu a Zinder, garin majema da dukawa.

Darasin Malam Maman Barka

Malam Maman Barka, ɗan Tesker a jihar Zinder, malamin makaranta ne da ya yi suna da gurmi mai tsirkiya biyu. A 2002 ya samu tallafin UNESCO ya tafi bakin Tafkin Chadi ya koyi biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, a hannun dattijo Boukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe. Ya kai biram har Turai kafin rasuwarsa a Nuwamban 2018.

Gurmi bai kai ga wannan hali ba tukuna. Sai dai mai haɗa shi ba zai ci gaba da koya wa ɗansa sana'ar ba in masu saye na bango kawai suke nema. In ka samu wanda ya iya, ka biya shi haƙƙinsa, ka karɓi lambar wayarsa, domin fata za ta buƙaci canji wata rana.